Reshen da Yaya Ta Ƙi Rufewa

Yaya, ranar Talata, tara ga wata, ina tsakiyar karatun wani littafi ƙaninki, maigidana, ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Ya ce kin rasu. Na Allah muke, kin riga mu komawa gare Shi. Littafin yana nan kife a kan kujera, na kasa ɗaga shi.

Ke kaɗai ce a dangin mijina ba ki taɓa yi mini dariya ba don ina kuka a kan mutanen cikin littafi. Da na tambaye ki aikin da kuke yi da shi, kika ce laburare ne, ba na littattafai ba, tarin umarnin kwamfuta ne da masu haɗa manhaja ke ɗauka su gina tasu a kai. Kika zana mini lamba uku a tafin hannu, irin waɗanda ake sa wa laburaren duk lokacin da aka saki sabo ga jama'a. Ta ƙarshe tana motsawa in gyara kawai aka yi, ta tsakiya in an ƙara wani abu, ta farko kuwa sai in za a rushe abin da mutane suka saba da shi. Kika ce, "Alkawari ne, ƙanwata. Za ki so ki buɗe littafi na biyu ki tarar an canja jarumar ba a gaya miki ba?"

Ban manta ranar da ƙaninki ya so ya cusa babban canji a ƙarƙashin lambar ƙarshe ba. Kika kama kunnensa a gabana: "Sarkin gaggawa, wa zai cutu in ka saki wannan?"

Kowa ya koma reshe na huɗu, wato sabon zubin laburaren, ke kika ƙi rufe na biyu. Duk gyaran da aka yi a sabon sai kin kai shi tsohon da hannunki, saboda wani ƙaramin asibiti da bai iya sabuntawa ba. Can nake zuwa awo. Manhajar da ke auna musu maganin masu naƙuda a kan reshen nan take zaune.

Yaya, tsoro nake ji. An gano kuskure a reshen, kin fara gyara, ba ki gama ba. Watana ya tsaya. Ƙaninki ya ƙarasa aikin, amma babu mai duba masa, ni kuwa na san gaggawarsa.

Jiya da hantsi ya jawo mini kujerarki. "Zauna ki tambaye ni."

"Ni me na sani?"

"Tambayarta kawai."

Na zauna na ce, "Wa zai cutu in ka saki wannan?" Ya dubi cikina, ya janye hannunsa daga madannin sakin, ya koma layin farko na gyaran yana sake dubawa. Sai bayan la'asar ya saki, lambar ƙarshe kaɗai ya motsa. Daga yanzu kullum zan zauna in tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kulawarki da waɗanda aka bari a baya ta zama hasken makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da maigidanki, da yaranki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sauke ni lafiya.