Ƙuri'ar Taita Baltazar

A Santa Rufina, can saman duwatsun kudancin Ekwado, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko 'ya a New York ko Sifen. Matasa sun watse, an bar tsofaffi da jikoki da gonakin dankali. Taita Baltazar Duy, wato Baba Baltazar a harshen yankin, yana cikin waɗanda aka bari. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo, Aurelio, yana aikin gonar lemo a Sifen, shi kuwa yana riƙe da shago daura da coci. A kan rufin shagon akwai faifan kama intanet, guda ɗaya tak a garin, a ciki kuma 'yan ɗakunan katako uku, kowanne da kujera da allon ganin fuska.

Ranar Lahadi, da an tashi daga coci, bencinsa kan cika maƙil. Shi ke danna wa masu raunin ido lamba, shi ke lallashin wadda ta fito tana kuka. Mata su kawo masa dafaffiyar masara da cuku, maza su zauna ana gardamar farashin madara har la'asar. Hirar ranar nan ita yake ci har mako ya zagayo. Sai dai intanet ɗin ba ta da alƙawari, da hazo ya sauko kan dutse sai murya ta karye, fuska ta daskare.

Da yake ba shi da abokin faɗa, aka zaɓe shi cikin majalisar gunduma mai mutum biyar. A shekararsa ta biyu ne ƙananan hukumomin yankin suka haɗa kai za su ja igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, mai shiga gida-gida. Kowace gunduma ita za ta yanke wa kanta shawara. Wadda ta shiga, mutanenta za su haƙa rami da gayya, kuma gyaran hanyarta zai jira.

Segundo Zhinin, ɗan majalisa kuma wanda ya riƙe Aurelio ranar baftisma, shi ne kan gaba wajen ƙi. Ya tare Baltazar a ƙofar shago, ya kira shi da sunan da uban yaro da uban baftismarsa ke kiran juna.

"Kompadre, intanet ce za ta kai mana madara kasuwa in hanya ta zabtare? Kai dai ba na shakkarka. Ka taɓa ganin kaza ta wasa wa mahauci wuƙa?"

"Kazar da ta tsufa, wa ke son namanta?" in ji Baltazar, suka yi dariya.

Amma dariyar ba ta kai ciki ba. A Lahadin da ta wuce, Mama Dolores Pichisaca ta gangaro daga unguwarsu da gwiwoyinta masu ciwo don ta ga jikar da aka haifa mata a New York. Ana ɗago jaririyar, hazo ya rufe gari, hoton ya tsaya cak. Tsohuwar ta zauna tana shafa allon da yatsa har ta gaji. Da ta fito ta ce masa, "Taita, kunnenta kaɗai na gani. Amma kunnen gidanmu ne."

Ranar zaman majalisa, biyu suka ce a shiga, biyu suka ce a'a. Ɗakin ya cika da jama'a, kowa ya juyo yana kallonsa. Ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, sannan ya ɗaga hannun dama, ya ce a shiga. Segundo ya miƙe ya fita ba sallama, kuma tun daga ranar ya daina bi ta dandalin da shagon yake.

Baltazar ya yi gayya tare da kowa, shi da tsofaffin mata masu diga da shebur, cikin ruwa da taɓo. Da aka kunna igiyar an yi biki, an gasa alade. Mama Dolores ta riƙe hannunsa biyu ta yi masa addu'a.

Lahadin farko mutum shida suka zo shagon, don sabo. Ta biyu, mutum biyu. Daga nan ya riƙa share bencin ya zauna shi kaɗai, yana kallon mutane suna fitowa daga coci suna sauri gida, kowa da wanda ke jiransa a waya. Suna ɗaga masa hannu daga nesa. Ba wanda ya yi masa laifi. In ya bi ta lungu, ta kowace taga muryoyin yaran garin yake ji, waɗanda da a shagonsa kawai ake jin su.

Shi ma an saka masa igiyar a gida. Wata safiya Aurelio ya kira. Fuskarsa ta fito tar, har furfurar da uban bai san ya yi ba.

"Taita, kana ganina sosai?"

"Ina ganinka, ɗana. Ka rame."

"Aiki ne. Ya dankali?"

"Ya yi kyau bana."

Sai shiru. A da, daidai nan layi ke yankewa ya rufa musu asiri, kowa ya tashi yana zagin hazo. Yanzu layin lafiya lau. Suka zauna suna kallon juna, ɗan yana sosa ƙeya, uban yana gyara zaman mayafinsa. Can Aurelio ya ce ana kiransa, Baltazar ya yi masa albarka. Ya daɗe a zaune bayan allon ya yi baƙi.

Da wa'adinsa ya cika bai sake tsayawa takara ba. Ɗakunan katakon ya ɓaɓɓalle su, ya ba wata maƙwabciya ta yi wa ɓerayen Masar ɗinta keji. Shagon ya koma na gishiri da sabulu da kyandir. Da damina hanya ta zabtare, kamar yadda Segundo ya faɗa, madara ta yi ta lalacewa a gidaje. Wasu suka ce Baltazar ne ya jawo, wasu suka kare shi.

Yanzu da tsakar rana yake rufe shago. Ya ɗauki fartanya ya hau gonarsa, inda ake hango garin gaba ɗaya, ya yi noma har sanyi ya fara shiga ƙashi, sannan ya gangaro ya hura wuta ya dafa dankalin mutum ɗaya.