Kasuwancin Kawu a Hannun Masu Duba

Ina koyar da darasin kasuwanci a wata kwaleji, kuma a aikinmu idan ba ka buga rubutu a mujalla ba, sai ka tsufa a kujera ɗaya. Shekarar da kwamitin ƙarin girma ya ce saura mini rubutu guda, na yanke shawarar rubuta abin da muke kira kes, wato labarin wani kasuwanci na gaske da za a ba ɗalibai su karanta, su yi ta musu a kan abin da ya kamata mai shi ya yi. Waɗanda muke koyarwa da su duk na manyan kamfanonin waje ne, ɗalibaina kuwa 'yan Kiru da Doguwa hamma kawai suke yi. Ni kuma ina da kawu a Tiga.

Kawuna dillalin kifi ne. Yana yaro ruwan dam ya ci garinsu aka tashe su, ya girma a bakin ruwan da ya haɗiye gonar ubansa, a nan kuma ya sami abin yi. Masunta su kawo masa, matan gida su yi banda, a ɗaure a kwali a kai Kano. Na yi ta zarya daga Bebeji ina zama da shi a rumfa, hayaƙi na cika mini ido, yana ba ni labari yana jin daɗi. Na rubuta, na sakaya sunansa, na tura wa mujalla.

Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ko miya nake kaɗawa sai na duba waya. Al'adar mujalla ce ta ba wasu malamai biyu su duba rubutu, ba ka san su ba, ba su san ka ba, kuma ni a duniya ba abin da na tsana kamar a yi maganata a inda ba ni.

Da amsa ta zo, na farkon ya yaba, ya gyara 'yan abubuwa. Na biyun kam bai san sannu ba. Ya ce wannan ba kes ba ne, kirari ne. Ya ce a tsakiya na ambaci cewa masunta sun ragu a rumfar, na wuce da sauri kamar mai tsallake kwata. Me ya rage su? Ina wurin da mai kasuwancin ya tsaya tsakanin hanya biyu ya zaɓi ɗaya? In rubuta wannan, in samo yardar mai shi, sannan su buga.

Na yi fushi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Na san abin da ya rage masuntan, kowa a danginmu ya sani. Da ciwon gwiwa ya kama Kawu, akwai wani mutum da suka yi aiki tare tun ƙuruciya, ba ɗan'uwa ba ne, amma masunta sun yarda da shi. Akwai kuma babban ɗan Kawu. Kawu ya damƙa wa ɗansa rumfa, kamar yadda aka saba. Ɗan ba ya sammakon zuwa bakin ruwa, ba ya zuwa suna ko ta'aziyyar masunta, sai dai ya buga waya. Mutumin nan ya yi sallama cikin mutunci ya buɗe tasa rumfar, masunta suka bi shi. A gidanmu kuwa cewa ake yi kifi ne ya ragu a dam.

Na fara zuwa wurin Inna, ƙanwar Kawu, ko za ta yi mini iso. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Yayan nawa za ki kwance wa zani a kasuwa don a ƙara miki girma? Ki je da bakinki, babu ruwana."

Na shiga motar Tiga. Na tarar da Kawu a tabarma ya miƙe ƙafa. Muka gaisa, na tambayi gwiwa, na tambayi mutanen gida, na sake tambayar gwiwa. Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa, kaina a ƙasa.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Su ɗaliban naki, idan sun karanta, me za su yi?"

"Za su tattauna, Kawu. Wasu su ce ɗa ya kamata a ba, wasu su ce abokin aiki."

"Waɗanne za su fi yawa?"

Na kalli tabarma. Ya gyaɗa kai.

"Sau ɗaya za a yi, a wuce wurin?"

"A'a, Kawu. Kowace shekara, da sababbin ɗalibai."

"Kuma akwai 'yan garin nan a cikinsu."

"Akwai."

Ya shafa gwiwarsa a hankali. Ya ce, "Ba ƙarya a ciki, kuma zai amfani yaran mutane. Ki rubuta duka, kada ki rage komai. Amma ɗan'uwanki da na damƙa wa rumfa yana gaishe ni kullum da safe, ina so in ci gaba da amsawa ina kallon idonsa. Ki ajiye rubutun sai bayan raina."

Na rubuta duka kamar yadda ya ce, kuma ban taɓa yin rubutu mai kyansa ba. Na aika wa mujalla cewa na janye. Kwamiti ya zauna a shekarar ba tare da sunana ba.

Yanzu idan waya ta yi ƙara na ga lambar Tiga ce, nakan ɗauka da sauri, ina roƙon Allah kada yau ce ranar da zan sami izinin bugawa.