Ƙusa a Takalmin Baffa

Babanmu gyaran takalmi yake yi, a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Bai yi nisa a makaranta ba, amma tambaya kam Allah ya hore masa. Mai kawo gyara ba ya tafiya sai ya faɗi dalilin da dunduniyarsa ta hagu ta fi ta dama cinyewa. Mama takan ce da tambaya gona ce, da mun gaji da cika rumbu. Masu shagunan layin kuwa Ɗan Jarida suke ce masa.

Wata safiya ƙaninsa, Baffa, wanda direban babbar mota ne, ya ajiye takalminsa a kan benci ya ce a ɗinke bakin. Baba ya zura hannu ciki kamar yadda ya saba, sai ya fizgo shi da sauri. Ƙusa ce ta huda ta leƙo, kewaye da ita kuma jini ya bushe ya yi baƙi.

“Kai, tun yaushe kake taka wannan?”

“Taka me, Yaya?”

“Cire safarka.”

A tafin ƙafarsa ta dama, wadda yake taka birki da ita, akwai rami har ya fara ruwa. Baffa ya leƙa yana dariya, wai ko cizon sauro ya fi wannan zafi. Baba bai yi dariya ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ya tasa ƙeyar Baffa zuwa asibiti, ni ina biye da takalmin a leda.

Likitar ta sa aka ɗiga jinin yatsarsa a ɗan awo, ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Nan fa Ɗan Jarida ya gyara zama.

“Likita, mutumin da ko shayi ba ya sa wa suga?”

Ta ce yawancin abin da muke ci yana komawa suga a jini. Akwai sinadarin da jiki ke yi, insulin, shi ke shigar da sugan cikin tsoka. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sugan ya taru a jini.

“Shi ya sa yake shan ruwa kamar raƙumi?”

“Shi ne. Da yawan fitsari.”

“To ina ruwan suga da ƙafa?”

“A hankali yake lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Da kun ƙara mako biyu, da wata maganar muke yi.”

Baffa ya dubi ƙafarsa. Bakuna bakwai ke ci daga birkin nan. Ni dai tsoro ya kama ni sosai.

Baba ya karɓi ledar, ya daɗe yana juya takalmin. Ban taɓa jin ya rasa tambaya ba sai ranar.

“Ni na buga ƙusar nan,” ya ce. “Wata uku ke nan. Ina sauri, na ce in ta leƙo ai zai ji ya dawo.”

Wata biyu Baffa ya yi yana jinya. Ƙafar ta tsira, aka sa shi kan magani da awo, aka rage masa loma. Baba ya ɗinka masa sabon takalmi mai faɗin baki da fata mai laushi, zare da basilla kawai.

Yanzu duk safiyar da Baffa zai hau hanya sai ya biyo shago. Yakan yi mita, wai an mai da shi ɗan yaye.  Baba yakan durƙusa gaban ƙaninsa, ya zura hannu cikin takalmin, sannan ya ɗaga ƙafar ya duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.