Rubutun da Ya Ƙi Barin Motar Desmond

Da Desmond Farrugia ya bar noman rake a Mackay, sai ya sayi tsohuwar motar wani mai gyaran famfo, mai tallan sana'arsa a jiki, don zuwa kamun kifi. Ya ari na'urar busar da gashin matarsa Noelene, ya ɗumama sitikun tallan, ya ɓare su a hankali, ko ƙwarzane bai yi wa fenti ba. Ashe rana ta koɗar da jikin motar, gurbin haruffan kaɗai ya rage jawur.

“Maigida, cirewa ka yi ko sabuntawa?” in ji Noelene.

Maƙwabta suka riƙa tare shi, shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Yau duk unguwar shi ke gyara musu famfo. Na gidansa har yanzu yana ɗiga.