Ilu Caina da Rantsuwar Yaya Kulu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar Gumel ya san tsinkayen nan biyu da marigayi Ilu ke sokewa a gefen hularsa. Na icen aduwa ne, shi ya feƙe su da kansa, sun sha hannu har suna ƙyalli. Da su yake cin komai. Shinkafa, dambu, ɗanwake, kai har tuwo da miyar kuɓewa! Ranar sunan autana an ajiye mana kwano, kowa ya wanke hannu, shi kuwa gogan ya zaro tsinkayensa. Ya ɗauko loma ta sulluɓe, ya sake ɗaukowa ta sulluɓe.

Na ce, "Bawana, hannun da Allah ya ba ka aro ka bayar?"

Ya ce, "Habu, kai da ka wuni kana murza kan babur kana murza hanci, kai za ka koya mini cin abinci?"

Fura kaɗai ta gagare shi. Ita ma bai yarda ta gagare shi ba, cewa ya yi ko a Caina kurɓa ake yi.

Ilu taubashina ne, ɗan goggona. Ni kuwa acaɓa nake yi, karatuna bai wuce firamare ba, ga kwaɗayi ga dogon baki, Allah ya shirye ni. Rabin dariyar da aka yi wa Ilu a garin nan daga bakina ta fito, kuma ba ƙaramin kaso na abincinsa ne ya wuce ta maƙogwarona ba. Amma tunda ya rasu nake jin wasu na cewa wai dama mutumin nan kansa da motsi. Ƙarya ne! Wanda bai taɓa cin taliyar Ilu ba ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin ya faro ne lokacin da 'yan Caina suka zo aikin hanya ta wajen Gagarawa. Ilu ya samu aikin wanke-wanke a sansaninsu, ƙarƙashin wani tsohon kuku mai suna Wan.

Na ce, "Wan wa?"

Ya ce, "Wan kowa. Ka ga ko sunansa na Hausa ne."

Ranar farko tsohon ya turo masa kwano ya ce, "Ci!" Ilu ya ce sai da gabansa ya faɗi. Da ya bincika, ashe a yarensu ma haka ake faɗa. Shi ke nan, tun daga ranar ya yanke hukunci: 'yan Caina Hausawa ne da suka tafi fatauci suka mance hanyar gida.

"Da safe in za su gaishe ka, sai su ce, 'Ni hau.' To me za su hau in ba raƙumi ba? Fatake ne, Habu!"

Da aikin ya ƙare, tsohon ya bar masa wani baƙin kasko mai zurfi. Da shi Ilu ya kafa rumfa a bakin tasha, ranar Alhamis kuma in goya shi da kaskon mu tafi kasuwar Maigatari.

Wayyo, taliyar nan! Wuta yake hurawa kamar ta maƙeri. Ya zuba man riɗi, ya jefa citta da tafarnuwa su yi ƙara, sai naman rago da ya yanka siri-siri, sai kabeji da karas da lawashi da attarugu. Kafin ka gama sallama ya watsa taliya, ya wurga ta sama ya cafe. Daga ƙarshe ya ɗauko wata kwalba mai baƙin ruwa, wai daga Caina ake aiko masa, ya tsiyaya a gefen kasko. Ƙamshin da ke tashi a lokacin, na ga direba ya kashe mota cike da fasinja saboda shi. Kabejin na nan da ƙarfinsa yana ƙaras-ƙaras, naman kuwa ba ya jiran haƙori.

Amma fa babu benci. Ilu ya ga 'yan Caina kowa na ɗaukar robarsa ya tafi, saboda haka a wurinsa doka ce: ka saya, ka wuce. Wani Alhaji dillalin shanu ya taɓa zuwa a Maigatari, ya sa aka shimfiɗa masa darduma a bakin rumfar.

Ilu ya ce, "Alhaji, salla za a yi?"

"Abinci zan ci."

"To ba a nan ba, ranka ya daɗe. Wannan abincin sai ya sha iskar hanya yake nuna."

"Kai, ka san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Kai ma in ka sayar da sa, a gabanka ake yanka shi?"

Alhaji ya naɗe darduma yana zage-zage. Mako na zagayowa ya aiko a sayo masa roba uku.

Sai kuma aka shiga yaɗa cewa ai 'yan Caina kwaɗi suke ci, wa ya san abin da ke cikin kaskon Ilu. Ciniki ya tsaya cak. Da wani ne, da gida-gida zai bi yana rantsuwa. Ilu kuwa wurin mahauci ya je, ya karɓo kan ragon da ya saya, ya rataye shi a gaban rumfa, ya tsaya yana ƙwala kira:

"Jama'a, ga kwaɗon yau! Wanda bai taɓa ganin kwaɗo mai ƙaho ba ya matso!"

Kafin la'asar taliya ta ƙare.

Duk wannan bai dame shi ba. Mutum ɗaya ce ta tsaya masa a rai: yayarsa, Yaya Kulu mai daddawa. Ita ta raine shi bayan rasuwar goggo, ita ta fara koya masa hura wuta. Ranar da ya buɗe rumfa ta zo ta leƙa kaskon, ta toshe hanci, ta ce a gaban mutane, "Wallahi tallahi wannan tsutsar ba za ta ratsa maƙogwarona ba." Ilu ya yi dariya, amma ni na ga idonsa.

Tun daga nan kowace Juma'a sai ya cika roba, ya zaɓi nama mai kyau ya ɗora, ya ce in kai mata. Sannan ya ce in sayo masa daddawa a wurinta, wai ta miyar gidansa, amma in ce ta matata ce, don kada Yaya ta san ba ya iya rabuwa da kayanta. Ita kuma ko buɗe robar ba ta yi.

"Mayar masa. Kai kuma Habu, matarka wanka take yi da daddawar nan?"

Robar dai, astagfirullah, ba kullum take komawa da nauyinta ba. Akwai wata inuwar maina a hanya. Wata rana na miƙa masa ita wayam, na ce Yaya ta cinye tas.

Ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Ita ta ci, gemunka ya yi maiƙo."

Ya taɓa zuwa da kansa ya durƙusa mata. Ta ce ita fa ta riga ta rantse, ko so yake ta yi kaffara? Ya ce, "Yaya, miskinai goma ne fa. Ni zan ciyar da su, da taliyar." Da muciya ta raka shi har zaure.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, shi bai fasa aikawa ba, ita ba ta fasa mayarwa ba, har ciwo ya kwantar da shi bara da damina. Ya rame, abinci ya ƙi shiga. Yaya Kulu ta tattaro ta dawo gidansa. Wata safiya ta dama masa kunun tsamiya irin wanda yake so tun yana yaro, ta kai masa baki. Sai ya juya fuska bango.

"Mayar."

"Me ka ce?"

"Na ce mayar. Ni ma na iya."

"Ubanka, Ilu!"

"Ubanmu ɗaya, Yaya."

Aka wuni a haka. Ita tana zaune da kwanon kunu, shi yana kallon bango, leɓensa duk ya bushe. Da la'asar ta yi, na ga ta share ido da bakin zane, ta ce, "Habu, ɗauko masa baƙin kaskon tsiyar nan."

Muka fito da shi tsakar gida, muka jingina shi da turmi. Hannunsa ba ya iya ɗaga kasko, ni na riƙe, shi yana ba da umarni yana zagina. "Wuta, Habu! Shayi kake dafawa? Juya! Kai, wannan hannun ko na kuturu!" Kwalbar dai bai yarda na taɓa ba. Shi ya tsiyaya da kansa.

Aka zuba mata. Ya zaro tsinkayen daga hularsa ya miƙa mata.

Ta ce, "Rantsuwata zan karya, ba hankalina ba." Ta wanke hannu.

Ya ce, "Ci."

Ta yi bisimilla ta kai loma. Ta tauna. Ta tsaya. Ta sake kai wata, ta juya ta a baki, sannan ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ilu. Wannan ai daddawata ce."

Ta lashi yatsa.

"Daddawata ce, ta kalwa! Ko a mafarki aka sa mini ita a harshe na san ta!"

Ilu ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe baƙin ruwan da tsohon kukun nan ya bar masa tare da kaskon tun watannin farko ya ƙare. Ya gwada wannan ya gwada wancan, daga ƙarshe ya jiƙa daddawa ya tace, ya dafa da gishiri da ɗan ƙonannen sukari. Kuma ta kowa ba ta yi, sai tata. Ni da nake ɗauko ta duk Juma'a ban taɓa kawo haka a raina ba, hankalina na kan roba.

Ya ce, "Yaya, duk shekarun nan Caina a cikin tukunyarki take."

Ta juyo kaina. "Kai kuma munafuki, ashe matarka ba wanka take yi ba!"

Ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Shi kuma ya sha kununsa, har ya nemi ƙari. Bai daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Kaffarar kuwa ta yi ta. Miskinai goma ta ciyar, da taliya, ita ta soya da hannunta. Da aka zo rabon kayansa wani ya ce a sayar wa 'yan gwangwan da kaskon, tunda mai haukan ya tafi. Yaya Kulu ta ce wanda ya isa ya taɓa. Yanzu haka kaskon na ƙofar gidanta, tana soyawa ina kaiwa, kuma wallahi robar na isa da nauyinta. Masu cewa ba abincinmu ba ne, ku je ku faɗa mata da bakinku. Sai dai ku tafi da shirin tsayuwa, don ita ma ba ta ajiye benci ba.

Tsinkayen nan biyu suna soke a jikin rumfarta. Wani lokaci in ta tsiyaya baƙin ruwan, ƙamshi ya tashi, sai in ga ta ɗago ta dube su.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa da baki. Allah ya sa ya tarar da an shimfiɗa masa, an ajiye masa kwano, an ce masa, "Ci." Amin.