Gayyar da Ɗan Jimma Ya Sace

Tun kafin a kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Konni, a ƙauyenmu kusa da Tsarnawa, da an ci tuwon magariba sai mu kewaye murhun kakata, Iya Hassu. Tana gasa gujiya a toka, tana hana mu taɓawa. Ita ba ta ba da labarin mutanen kirki, wai barci suke sa ta. Gwaninta Ɗan Jimma ne, rago, mai riƙo kamar tsiya.

Wata shekara Ɗan Jimma ya kira gayya, ciyawa na neman cinye masa gero. Amininsa Arzika, wanda gonakinsu ke iyaka ɗaya, ya sa tasa gayyar a rana guda, ya yanka akuya. Samari suka bi nama. Furar Ɗan Jimma ta yi tsami ba mai sha, geron ya lalace.

"Mi yac ce ma Arzika?" muka tambaya.

"Sannu da aiki yac ce mai," in ji Iya. "Ku ji tsoron wanda anka cuta yag gaishe ku."

Da damina ta dawo, Arzika ya gayyato samarin garin Bazaga da makaɗinsu. Baƙi ba su san gona ba, inda ganga ta tsaya nan hauya ke sauka. Ɗan Jimma ya tari makaɗin a hanya, ya yi masa maraba, ya tsayar da shi a tsakiyar tasa gonar. Arzika na gida yana fama da fiɗa. Kafin azahar an nome wa Ɗan Jimma gona tas, aka je aka cinye akuyar Arzika ana sa masa albarka.

Muka yi ta birgima don dariya. Iya ta jira muka gama.

Geron Ɗan Jimma ya yi har rumbu ya cika, amma jinkar rumbu sai da maza shida take hawa, kuma duk wanda ya kira sai ya ce baya ke masa ciwo. Ɗan Jimma ya shiga ƙarƙashinta shi kaɗai ya yunƙura, ta kife shi kamar kaza a akurki. Arzika ne ya ji ihunsa.

"Ya hidda shi?" na tambaya.

"Ya hidda shi, angona, amma sai da yak kiro makaɗi, gari duk yat taru."

Har yau ina bayan Ɗan Jimma, ban ɓoye ba. Na girma, wani aminina ya yi mini zagon ƙasa a buro, wurin aikinmu, ya karɓe gurbin da aka ce nawa ne. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, wata guda ina shirya ramuwa, kuma shirin ya yi kyau. Da na ce halin kirki ne ya hana ni, da na yi ƙarya. Zama na yi na nemi waɗanda za su ɗaga ni ranar da na faɗi, sai na ga sunansa ne na farko. Washegari na gaishe shi da aiki, ya kwana uku bai natsu ba.