Jini Ɗaya, Takarda Biyu

Ni ban yi lekol ba, wato boko. Allo na yi, shi ma ban sauke ba. Kayan babur nake sayarwa a Agoè-Assiyéyé, nan Lome, kuma ko ido rufe na san fulogin gaske da na jabu. Amma takardar Faransanci, in ka miƙo mini, ka miƙa wa bango.

Abin ya fara da wasu 'yan ƙuraje a gabana, masu ruwa, masu zafi kamar an ɗiga barkono. Na yi abin da kowane namijin unguwarmu ta Zongo zai yi, wato shiru. Na wanke da ruwan ɗumi, na shafa man kaɗe, na sayi kafso wurin mai talla. Kwana goma suka bushe. Sai da wurin ya warke sarai na ga ya dace in nemi asibiti. Haka muke, ba a kai wa likita ƙazanta. Sai an share ɗaki ake kiran baƙo.

Can unguwar Agbalépédo na tafi, don a Zongo in aka gan ka wurin awon jini da safe, kafin azahar an fara yi wa iyalinka jaje. Na yi wa matar wurin bayani sama-sama, ta ɗebi jini. Da na koma ta zagaye wata kalma da biro a takardar sakamakon. Pozitif. Wannan kam na san ta tun zamanin korona. Ta ce sunan ciwon erpes.

Ban yarda ba. Bayan sati na je wani wurin a Cacavéli. Hannu ɗaya, jijiya ɗaya. Negatif.

To a nan abin ya daina ba ni tsoro kaɗai, ya fara ba ni mamaki. Sikeli biyu a kasuwa sukan saɓa, amma ban taɓa ganin ɗaya ya ce akwai kaya ɗaya ya ce babu ba. Ina zaune a shago ina juya takardun biyu. Ko kafson ne? Ko don ran nan na sha koko kafin in je?

A gida kuwa na kwashe tabarmata na koma falo, na ce wa uwar yarana zafi ne ya dame ni. Shekara ashirin da wani abu muna tare. Tsoron in shafa mata nake. Na tuna shekarun da nake bin mota zuwa Kwatano kafin aure, ban kasance waliyyi ba. Kuma, Allah ya yafe mini, na yi tunanin ko ita ce ta kawo shi. Wata biyu ina cin tuwonta ina kallon ƙasa.

Akwai wani tsohon majo ɗan ƙabilar Ewe, muna ce masa Efo, ya yi ritaya daga aikin jinya, yakan zo sayen kaya don tsohon baburinsa. Ran da ya zo neman wayar birki na ciro takardun, na danne sunan da babban yatsa.

"Efo, duba mini. Na wani abokina ne."

Ya sa tabarau. "Alhaji, ɗauke yatsan. Abokin nan na san shi, shi ya sayar mini da batir mara kyau."

Na ɗauke.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce takardun ba su yi faɗa ba, tambayar da aka yi wa jinin ce ba ɗaya ba. Ciwon iri biyu ne, wa da ƙane. Na ɗaya ya fi son leɓe, na biyu ya fi son ƙasa. Wurin farko sun haɗa su duka suka tambaya, wuri na biyu na biyun kaɗai suka nema.

"In ka yi zazzaɓi, bakinka na fashewa?"

"Tun ina yaro. Inna murna take yi, ta ce zazzaɓin ne ke fita."

"To ga pozitif ɗinka, mai yiwuwa."

Na ji kamar an sauke mini buhu. Na ce, ke nan na fita?

"Wa ya ce? Zauna."

Ya ce na leɓen ma yakan sauka ƙasa. Na biyun kuma in sabon kamu ne yakan yi watanni kafin ya nuna a jini, don haka sai na sake awo nan gaba. Jini kuma ba ya faɗin a ina ciwon yake, ko yaushe ya shigo, ko wa ya kawo shi. Yakan kwanta a jiki shekaru bai motsa ba. Mai faɗin gaskiya shi ne ƙurjin kansa, a dangwali ruwansa da auduga a auna.

"Ina ƙurjin?"

"Ya warke. Sai da ya warke na je."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɓarawo ya shigo, ka bari ya fita, ka share sawunsa, sannan ka kira jandarma. Ku mutanen Zongo!"

Ya ce ba ya kisa, akwai maganin da ke rage shi, in ya fito a nisanci juna har ya warke. Yana tayar da babur ya ce, "Madam ta sani?"

Bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na ajiye takardun a gefen tiren. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Na karanta, Maigida. Tun ran da na wanke farar rigarka."

Ita ta yi lekol har aji shida. Ita ke karanta takardar wuta da ta makarantar yara. Na zaga rabin Lome ina neman mai karatu, alhali na san da ita sarai.

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Jira nake in ga ko za ka tambaye ni, ko a kan tabarma za ka gama yanke mini hukunci."

Na ce na yi tunanin, ba zan ɓoye ba. Na faɗa mata na Kwatano ma, da duk abin da majo ya ce. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce:

"In ya sake fitowa, ranar za mu je, da ƙazantar da komai. Ni ma a ɗebi nawa. Kuma ka ɗauke tabarmar nan daga falo, yara sun fara tambaya."

Na ɗauke. Na sake awon na biyun bayan watanni, negatif. Ƙurjin bai dawo ba har yau, don haka har yau ban san ko wane iri ne ba. Kullum in na shiga wanka sai na duba.